An Mayar da 'Yan Kadet Kayan Adon Manya

Jama'a, mu daina rufa-rufa a kan abin da ake yi wa 'ya'yanmu da sunan kadet. A yawancin makarantun sakandare na gwamnati, kaki da fareti kawai suka rage. Horon kansa an daɗe da binne shi.

Ku dubi ranar 27 ga Mayu, Ranar Yara. Tun da sassafe ake kwaso ɗalibai a jera su a filin wasa cikin zafin bazara, wasu ko kumallo ba su karya ba. An ce babban baƙo zai iso ƙarfe tara, amma sai rana ta take tsaka ake jin jiniya. Manya na cikin rumfa ana zagaya su da ruwan sanyi. Yara na ƙame a rana, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan agaji na kwashe su.

Sannan wanda ya shanya su ya hau mumbari ya yi musu huɗuba a kan ladabi da kiyaye lokaci, har ya kira su manyan gobe.

Wane darasi yaro zai ɗauka ya tafi da shi gida? Cewa shugaba shi ne wanda ake jira, wanda ba ya ba da haƙuri, wanda yake inuwa mutanensa na rana. A ranar 1 ga Oktoba, Ranar 'Yancin Kai, kuma a sake maimaita masa karatun.

Ba don wannan aka kafa kadet ba. Marigayi Janar Murtala Muhammed ɗan kadet ne a Kwalejin Barewa ta Zariya kafin ya shiga soja. A Zariyar dai aka buɗe makarantar horar da yara aikin soja a 1954, tana nan har gobe. Horon Man O' War da aka fara a 1951 a gaɓar teku kusa da Biktoriya ta Kamaru, wanda yanzu ake yi a duwatsun Shere da ke Jos, manufarsa a fitar da matashi mai juriya da riƙon amana. Ɗan kadet na gaskiya ya san karatun taswira da agajin gaggawa da zaman sansani. An ba shi yara goma ya kula da su, an koya masa cewa sai sun ci zai ci, sai sun kwanta zai kwanta.

Yau fa? Sai biki ya rage mako biyu ake tunawa da su. A nemo wani malami da bai taɓa samun horon ba, ko a roƙo wani soja daga bariki, a yi ta buga ƙafa har magariba. Iyaye su ɗinka kaki, su sayi takalmi da hula da bel daga aljihunsu. Ana gama biki a ninke kayan a jefa akwati.

Abin da ya fi muni shi ne aikin da ake ba su tsakanin biki da biki. An tsayar da su a ƙofar makaranta da bulala. Su ne masu sa ƙananan ɗalibai tsallen kwaɗo da gwale-gwale, su ne masu ƙwace garin kwaki da sukarin 'yan aji ɗaya a ɗakin kwana. Malamai sun sani, shugabannin makarantu sun sani. Sun kau da kai ne don an ɗauke musu nauyin tarbiyya, wanda shi ake biyansu albashi su yi.

Ka ɗauki yaro ɗan shekara 16, ka sa masa kaki, ka miƙa masa dorina, ba ka koya masa iyakar ikonsa ba. Me kake jiran ya zama? Gobe idan ya samu kakin gaske ya mari direba a shingen bincike, waɗannan manyan ne za su fara kukan tarbiyya ta lalace.

Kada wanda ya ce mana babu kuɗi. Akwai kuɗin rumfuna da na anko da na makaɗa. Nawa ake kashewa a gayyato jami'in kashe gobara ya nuna wa yara yadda ake fita daga ɗakin kwana idan wuta ta tashi? Nawa ne akwatin agajin gaggawa? Ƙungiyoyin 'yan agaji na addini, da ɗan abin da suke tarawa a tsakaninsu, suna horar da matasansu shekara da shekaru. Ma'aikatun ilimi masu kasafin kuɗi da sufetoci da motoci su ne suka kasa?

A Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Jangebe ta biyo baya, Kuriga ma haka. Ba wanda ya ce yaro ya tari ɗan bindiga. Amma makarantar kwana nawa ce ta koya wa ɗalibanta inda za su taru idan dare ya ɓaci, wa zai ƙirga su, wa zai tsayar da jinin wanda ya ji rauni? Wannan shi ne ainihin aikin kadet, kuma shi aka watsar.

Mu iyaye ma da namu laifin. Muna ɗaukar hoton yaro cikin kaki mu sa a Facebook, amma ba ma tambayarsa abin da aka koya masa.

To, a taron iyaye da malamai na gaba, ku miƙe ku tambaya. Wa ke horar da yaran nan, kuma ina ya samu nasa horon? Ina jadawalin darussan zangon nan? Wa ya ba su izinin dukan 'yan'uwansu? Idan makaranta ba ta da amsa, ku cire 'ya'yanku daga ciki har sai an gyara.