Tsabtar Gida: Tabon Man Rana a Jikin Farar Tufa

Daga watan Maris zuwa watan Mayu rana tana da ƙarfi ƙwarai a jihar Diffa. Zafi yakan wuce digiri 40. Kogin Komadugu yakan janye, ya bar rairayi da ƴan tafkuna. Manomi da makiyayi duk a fili suke wuni, tun daga Maine-Sorowa har Bosso. Kowa yana jin rana a jikinsa. Amma akwai waɗanda ta fi cutarwa, su ne zabiyoyi.

Zama zabiya ba cuta ba ce da ake ɗauka. Gado ne daga uba da uwa. Fatar zabiya ba ta da baƙin nan da yake tare rana. In rana ta daɗe tana dukanta sai ta ƙone, ta yi miki, daga baya mikin yana iya zama ciwon daji na fata. Shi ya sa likita yake cewa zabiya ya sa riga mai dogon hannu da malfa mai faɗi, ya kuma shafa man tare rana a fuska da wuya da hannuwa. Wannan mai ba na kwalliya ba ne. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba.

To, man nan yana da aibi guda. Yana ɓata farar tufa. Wuyan riga da bakin hannu sukan yi rawaya. An wanke, tabon ya koma ja kamar tsatsa. An zuba ruwan jabel, ya ƙara ja. Farar riga kuwa ba ta da arha. Wani sai ya sayar da tattasai ko ɗan akuya kafin ya ɗinka ta Salla. Idan riga biyu suka lalace, sai uwa ta ce yaro ya bar shafa man. Nan ne babbar asara take. Garin neman gira an rasa ido. Tabon yana fita, in an san kansa.

Abin da ke kawo tabon

Tabon nan ba ɗaya ba ne, biyu ne a haɗe.

Na farko maiƙo ne, irin na man kaɗe ko man gyaɗa. Ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo.

Na biyu tsatsa ce. A cikin yawancin man tare rana akwai wani sinadari mai suna Avobenzone. Idan ya haɗu da ƙarfen da ke cikin ruwa sai ya yi ja. Ruwan wasu rijiyoyi da na wasu famfuna yana ɗauke da ƙarfe, ko da ido bai gani ba. Haka ma ruwan da ya kwana a gangar ƙarfe mai tsatsa. Ke nan ba man kaɗai ke da laifi ba, har da ruwan wankin.

Ana iya gwada ruwa a gida. A cika farar tasa da shi, a bar ta a buɗe ta kwana. In da safe an ga jan abu ya kwanta a gindinta, ruwan yana da ƙarfe. Kada a wanke farar tufa da shi.

Abubuwa uku da ba a yi

Ba a zuba ruwan jabel. Jabel yana da amfani wajen kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cin tsatsa. Ƙara kama ta yake yi a jikin zare.

Ba a yin guga, ba a kuma kai rigar wurin masu bugu, sai tabon ya fita sarai. Zafin dutsen guga yana dafa tabo ya zauna daram.

Ba a haɗa jabel da lemun tsami ko kaɗan. Haɗin nan yana tayar da iska mai guba, mai ƙona ido da huhu. Wanda ya riga ya sa jabel, ya ɗauraye rigar sau uku da ruwa mai yawa kafin lemo ya taɓa ta.

A fara da maiƙo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tabon yau ya fi na mako guda saurin fita.

Kafin a tsoma rigar a ruwa, a ɗan jiƙa sabulu a goga shi a kan tabon, ciki da waje. Sabulun salo yana yi, na kanti ma yana yi. A murza da yatsu a hankali, a ajiye rigar a inuwa kamar rabin awa.

In maiƙon ya yi yawa, kanwa tana taimakawa. Kanwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Manga, daga kwarurrukan wajen Maine-Sorowa da Gudumariya ake fitar da ita. A daka ta, a zuba cokali 2 cikin lita 5 na ruwa mai ɗumi. A bari ƙasarta ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a tace da tsumma mai tsabta. A jiƙa rigar a ciki awa ɗaya, a wanke, a ɗauraye sosai. Kanwa ta dace da tufar auduga. Rigar da ke da aikin siliki, kada a sa mata.

Sai a koma kan tsatsa

Idan maiƙo ya fita amma ja yana nan, lokacin lemun tsami ya yi. Tsami shi ke narkar da tsatsa. Sai dai a tabbata babu sauran kanwa a jikin rigar, don kanwa tana kashe ƙarfin tsami.

A shimfiɗa rigar a kan tabarma mai tsabta, ba a kan kwano ko waya ba. A matse lemo 2 a kan tabon har ya jiƙe. A barbaɗa gishiri cokali ɗaya. A bar ta a rana kamar awa ɗaya. In wurin ya fara bushewa a ƙara ɗigon lemo. Daga nan a kakkaɓe gishirin, a ɗauraye da ruwa mai kyau. Tsohon tabo yakan so a maimaita sau biyu ko uku. Bula ba ta fitar da tabo, sai an gama ake sa ta.

Mai wannan aiki ya wanke hannunsa da sabulu da ya gama. Ruwan lemo in ya zauna a fata rana ta doke shi, yana ƙona ta. Don haka kada a ba zabiya wannan aiki a cikin rana.

Ruwan da ya dace

Ruwan sama da aka tara a tulu ko roba ya fi kowane. Ruwan Komadugu yana yi, amma a bar shi ya kwana, laka ta kwanta, a tsiyaye. Bokitin roba ya fi na ƙarfe. Igiyar shanya ta kaba ta fi waya.

Rigakafi ya fi magani

A shafa man minti 20 kafin a sa riga a fita. Fata za ta sha shi, abin da zai taɓa tufa ya ragu. A ware riga mai launi don gona da kiwo, a bar fara don Juma'a da Salla. Riga mai duhu da saƙa mai kauri ma ta fi fara siririya tare rana.

Wanda ya koyi karatu a cibiyar yaƙi da jahilci yana da abin yi a nan. Ya duba jikin kwalbar. Lamba 50 tana nuna man yana da ƙarfin tare rana. In ya ga an rubuta Avobenzone, ya faɗa wa mai wanki ta kiyayi jabel. Akwai kuma wani iri mai farin gari a ciki, wanda aka rubuta wa Zinc. Shi farin shafi yake bari, sabulu yana fitar da shi. Ana iya tambayar likita ko yana da irinsa.

Tun shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya take tunawa da zabiyoyi ranar 13 ga watan Yuni. Amma rana ba ta jiran watan Yuni, kullum fitowa take. Sabulu da kanwa da lemo da gishiri duk suna nan a kasuwar Diffa da kasuwannin ƙauye. Riga in ta tsufa tela zai ɗinka wata, fata kuwa babu mai ɗinka ta. Duk gidan da ke da zabiya, kada a hana shi mansa saboda tabo. In an ga miki a fatarsa ya ƙi warkewa, a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba. Wanda ya karanta wannan fili, ya karanta wa maƙwabcinsa.