Wai Uwaye Su Zaɓa: Wane Zaɓi Aka Bar Wa Talakan Ƙonni, Malbaza Da Ilela?

Duk shekara, da zarar damina ta ja jiki, gero ya nuna, aka fara shirin komawa makaranta, sai mu ji magana ɗaya daga bakin manyanmu na Yamai da na Tawa, wai kowane uba yana da 'yancin kai ɗansa makarantar da ya ga dama. Magana ce mai daɗin ji a rediyo. Ni dai ina so wanda ya faɗe ta ya zo ya maimaita ta a gaban wani manomin albasa da na sani a wani ƙauye na gundumar Malbaza, wanda ɗiyarsa ta gama aji shida na firamare tana gaban kowa a ajinsu, shi kuwa ya yi kwanaki yana juyi a kan tabarma, yana lissafin inda zai kai ta.

Kwalejin gwamnati da aka rubuta sunan yarinyar a cikinta kyauta ce a takarda. Amma tana nesa da ƙauyensu, nisan da yarinya 'yar shekara 12 ba za ta iya takawa safe da yamma ba. Ke nan sai a nemo mata mai masauki a gari. A nan ne karatun ɗiyan ƙauye yake mutuwa, kuma a nan ne masu jawabi suke yin shiru. Uba ya ɗauki ɗiyarsa da buhun gero ya kai gidan wani ɗan'uwa na nesa, ko gidan wani da suka saba a kasuwa. Watan farko ana ce mata baƙuwa. Wata na biyu ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai wanke-wanke da reno, wani lokaci har da talla. In dare ya yi ba fitila, ba wurin buɗa littafi, ba mai tambayarta abin da aka koya mata yau. Ƙarshen shekara makinta ya faɗi, ta maimaita aji, in ta sake faɗuwa a kore ta, ta koma gida, kafin wata damina an ɗaura mata aure. Sa'an nan wani ya hau mumbari ya ce mutanen ƙauye ba su son boko. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 kan a riƙe yarinya a makaranta har ta kai shekara 16. Madalla da doka. Amma doka ba ta dafa tuwo, ba ta shimfiɗa tabarma. Dattawan da suka yi kwaleji a farkon 'yancin kai sun san makarantar kwana, da gado da abinci, shi ya sa ɗan manomi ya zama likita a wancan zamani. Shugaba Bazoum Mohamed ya ɗauko maganar gidajen kwana na 'yan mata, aka buɗe na Kelle da wasu, sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zo. Waɗanda suka karɓi mulki su gaya mana gida nawa ke aiki tsakanin Tsarnawa, Dogerawa, Tajaye da Badagishiri, mu je mu ƙirga gadaje da idonmu.

To, a ce uban ya sayar da albasa da daraja, ya leƙa makarantun kuɗi na cikin Ƙonni. Ban ce duka jabu ne ba, akwai masu tsoron Allah a cikin masu su, kuma na san yaran da suka fito daga can da ilimi na gaske. Amma jama'a, mu daina bari fenti ya ruɗe mu. Ana kafa allo a bakin ƙofa, a rubuta da manyan baƙaƙe cewa kashi kaza cikin ɗari na ɗalibansu sun ci BEPC, uba ya gani ya zaro kuɗi. Da wuya ka ga mai tambayar yara nawa aka ɗauka a ajin farko shekara huɗu da suka wuce, nawa suka kai aji na huɗu. Haka nan ba a cika tambayar ko an ware raunanan an ce su je su rubuta jarrabawa da sunan kansu, don kada su ɓata lissafin allo. Na taɓa biyan kuɗin wani ɗan ƙanena a irin wannan makaranta, sai a tsakiyar shekara na gane cewa malamin lissafinsu ma'aikacin gwamnati ne, yana barin ajinsa na kwalejin gwamnati ya zo nan ya yi awa biyu, ya ruga wata makarantar kuɗin ya yi wasu biyu. Ɗan talaka ya zauna a can yana jiran malamin da ba zai zo ba, ɗan mai hali ya samu rabin malami a nan. Kafin uba ya biya ko dala, ya nemi ganin takardar izinin gwamnati, ya tambayi malamai nawa ne nasu na dindindin, ya shiga aji ya ƙirga kawuna da tebura, ya karɓi littafin wani ɗalibi na bara ya duba ko akwai jan alƙalamin malami a ciki. Mai makarantar da ya ɓata rai don an yi masa waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda asalinsu a ƙasar nan ya koma ga madarasar Sayi ta 1957, kuma uwaye da yawa a Adar sun fi natsuwa da su, musamman saboda 'yan mata. Hujjarsu mai ƙarfi ce, ba na raina ta. Abin da kawai zan ce shi ne uba ya duba ko lissafi da kimiyya suna da malamai na sosai, domin jami'ar Musulunci ta Sayi ba za ta ɗauke kowa ba, yaron kuma gobe zai nemi gurbi a jami'ar Tawa ko ta Abdou Moumouni tare da sauran.

Saura hanya ta huɗu, wadda mutanen bakin iyaka suka fi kowa saninta: a tsallaka Ilelar Najeriya, a wuce Sakkwato. Faɗuwar naira tun daga 2023 ta sa mai sefa yana ganin arha. Amma tsarin can dabam ne, shekara uku da uku ne a sakandare, da Turanci, jarrabawarsu WAEC da NECO, kuma in yaro ya dawo sai an yi ta zirga-zirgar daidaita takardu. Ban da haka, iyakar nan an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris 2024. Uban da ya rataya karatun ɗansa a kan ƙofar da rigimar shugabanni ke rufewa ya san irin cacar da yake yi.

Wa ya kai mu nan? Ba daga sama abin ya faɗo ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, suna zanga-zanga kan tsuke bakin aljihun da aka ɗora wa ilimi. Jininsu yana cikin abin da ya buɗe ƙofar Babban Taron Ƙasa na 1991, inda aka yi wa makaranta alkawura har da rantsuwa. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: bashin albashi, yajin aiki, shekarun karatu da aka soke, karyewar darajar sefa a Janairu 1994. A 1998 aka yi babbar dokar tsarin ilimi, a daidai lokacin kuma aka shigo da malaman sa-kai masu ɗan ƙaramin alawus, waɗanda suka rikiɗe suka zama 'yan kwantaragi, har suka fi malamai na dindindin yawa. Aka ce dabara ce ta ɗan lokaci. Da aka zo 2017 aka yi wa 'yan kwantaragin firamare jarrabawar gwaji, abin da ya fito ya ba kowa kunya, aka sallami dubbai, amma ba mu ji an tuhumi ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauke su aiki ba. A 2021 ɗalibi ɗaya cikin biyar ne kawai ya ci BEPC a faɗin ƙasa. A shekarar ce kuma wuta ta cinye yara a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi. Ga masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, manyan motoci na fita da shi dare da rana, ɗiyan yankin kuwa da yawa a rumfar kara suke karatu. Farar hula sun yi mulki, soja sun yi, kowa ya samu rabonsa na wannan laifi.

A watan Maris 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai dai yaron Bazaga har yanzu da Faransanci zai rubuta jarrabawarsa, ga malamin da shi ma bai ƙoshi da shi ba.

Buƙatata ɗaya ce, kuma ba ta cin ko tamma daga baitulmali. Kowane shugaban gunduma, kowane sufeton makarantu, kowane babban ma'aikaci da ke aiki a Ƙonni, Malbaza da Ilela, ya fito ya faɗa wa jama'a makarantar da 'ya'yansa suke. In a kwalejin gwamnati ta unguwa suke, mu cire masa hula. In kuwa suna makarantar kuɗi a Yamai ko a wata ƙasa, to ya daina yi wa manomi wa'azin zaɓi.

Manomin albasar nan, da na koma wajensa, ya yanke shawara. Zai kai yarinyar gidan wata gwaggonta a gari, da buhun gero biyu da alkawarin albasa in an yi girbin rani. Ya roƙi gwaggon, a gabana, da ta bar ta ta yi karatu ko da awa ɗaya ce bayan sallar isha'i. Gwaggon ta ce za ta duba.