RA'AYINMU: SUNAN TITI AMANA CE

A watan Oktoba na 2024 hukumomin Nijar suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi na birnin Yamai, suka maye gurbinsa da na Jibo Bakari, ɗan gwagwarmayar neman mulkin kai. Wannan mataki ya isa ya sa mu ma mu dubi namu gida.

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya san Kongo ya san nan ne Jami'ar Ahmadu Bello take horar da lauyoyi da ma'aikatan mulki. Wasu daga cikinsu za su zama 'yan majalisar dokoki ta Jihar Kaduna, su zauna a zauren da har yau ake kira da sunan Lugga. Wane ne Lugga? Shi ne wanda rundunarsa ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada. A zamaninsa aka tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau, kuma a zamaninsa aka shafe garin Satiru a 1906. Ajiye labarinsa a littafin tarihi wajibi ne. Amma karrama shi da sunan zaure ko titi wani abu ne daban, domin suna yabo ne da ake maimaitawa kullum a bakin yara.

Sauya mummunan suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya sauya sunayen mutane da na wurare, har Yasriba ta koma Madina. Sai dai aikin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa. Don haka muke kawo sharuɗɗa uku.

Na farko, adalci. Ba a auna mutum da launin fatarsa, da aikinsa ake auna shi. Dokta East, wanda ya yi aiki tare da Abubakar Imam aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ba ɗaya yake da wanda ya zo da igwa ba. Haka nan ɗan ƙasa da ya zalunci talakawa, zamansa ɗan ƙasa ba zai wanke shi ba.

Na biyu, a guji fadanci. Mun ga yadda aka mai da titin Broad na Ikko titin Yakubu Gowon, da gwamnatinsa ta faɗi aka koma wa tsohon suna. A Kano ma, jami'ar Northwest ta koma ta Yusuf Maitama Sule a 2017, sannan aka maido mata da sunanta na farko a 2024. Sunan da siyasa ta raɗa, siyasa ce za ta share shi. Ra'ayinmu shi ne kada a raɗa wa titi sunan mai riƙe da mulki, a bari sai ya kwanta dama, tarihi ya auna shi.

Na uku, shawara da ilimantarwa. Allo ba ya sauya harshen jama'a. A Kaduna an mai da titin Waff titin Muhammadu Buhari, amma mutane da yawa ba su daina faɗin tsohon sunan ba. A Sabon Garin Zariya har gobe PZ ake cewa, sunan kamfanin Turawa. Idan ba a zauna da masu unguwanni da limamai da direbobi da 'yan kasuwa ba, kuɗin fenti kawai za a kashe.

Hanya kuwa a buɗe take. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba a wuyan ƙananan hukumomi. Saboda haka muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su kafa kwamiti na malamai da masana tarihi da dattawa, a tattara sunayen titunanmu ɗaya bayan ɗaya, a bayyana wa jama'a asalin kowane, sannan a yanke hukunci a fili. Zazzau ba ta rasa waɗanda suka cancanta ba. Ga Sarki Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja, ya rasu a can. Ga kuma malaman zaure da suka ƙare rayuwarsu suna karantarwa kyauta, ba ko lungu da ke ɗauke da sunansu.

Su kuma 'yan majalisar jiha, sunan zaurensu yana hannunsu. Allah Ya ba su ikon duba shi da idon basira, amin.