Ƙullin ƙashi ba na sakiya ba ne

Ƴan'uwa manoma, a wani zagayen duba azuzuwan yaƙi da jahilci tsakanin Agye da Gazawa, na ga wata yarinya ƴar shekara takwas. Yatsunta na dama sun yi ƙulle-ƙulle masu tauri, ƙafarta ta dama kuma ta fi ta hagu gajarta. An yi mata tsaga, an yi sakiya, ta karye sau biyu an kai ta wurin maɗori. Amma ba a taɓa ɗaukar hoton ƙashinta ba.

Likitoci sun san wata cuta mai irin waɗannan alamu. Ollier, wani likitan fiɗa na birnin Liyon a Faransa, shi ya bayyana ta a ƙarshen ƙarni na 19, ana kiranta da sunansa. Guringuntsi ne ke tsirowa dunƙule-dunƙule a cikin ƙashi, sai ƙashin ya lanƙwashe, ya kasa tsawo, ya riƙa karyewa da ƴar faɗuwa kaɗan. Takan bayyana tun yarinta, takan fi kama gefe ɗaya. Mutum 1 cikin kimanin 100,000 take samu. Ba a ɗaukarta, ba a gadonta, kuma ba sammu ba ce.

Ga ra'ayina. Maɗori na da amfani, amma idonsa ba ya ganin cikin ƙashi. Zafin ƙarfe ma ba ya kai wa can, sai dai ya bar miki. Maɗorin kirki, in ya ga yaro ya sake karyewa ba tare da wata babbar faɗuwa ba, ya kamata ya ce wa uban: "Je ka a yi hoto."

Ba ƙwayar da ke narkar da ƙullin. Amma likita na iya kankare shi, ya miƙar da ƙashi, ko a ƙara wa takalmi tudu. Sannan a riƙa dubawa, domin wani ƙullin kan rikiɗe ya zama sankara bayan an girma, musamman in ya soma ciwo ko ƙaruwa.

A fara da gidan likita mafi kusa, su rubuta takardar zuwa babban asibitin Maraɗi. A Yamai kuma akwai asibitin yara na CURE tun 2010, mai gyaran ƙasusuwa.

Wani zai ce kuɗin mota fa? Daga nan har Gidan Rumji, in kaka ta yi, mukan sayar da aya da wake don biki. A ware wa yaron nasa rabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya.