Wasiƙa Zuwa ga Kociyoyin Ƙwallon Unguwa na New Bell da Bali

 

Roƙona ɗaya ne gare ku: kowace kakar wasa ku yi mata littafi.

Ku dubi Oryx ta Duwala, ƙungiyar mutanen Bell, waɗanda muke zaune a ƙasar kakanninsu. Ran 7 ga Fabrairu 1965, a birnin Akara, ta ci Stade Malien ta Bamako 2 da 1, bayan ta fitar da Real Republicans ta Gana a wasan kusa da na ƙarshe. Ita ce ƙungiya ta farko da ta ɗaga kofin zakarun Afirka. Kyaftin ɗinta Samuel Mbappé Léppé ya ci sa'a, an sa wa filin wasa na Akwa sunansa. Amma ku tsayar da matashi a bakin Marché Central ku ce ya lissafo muku sauran goma da suka shiga fili ran nan, ku ji abin da zai ce. Oryx ta daɗe da barin rukunin farko, dattawan da suka ga wasanta da idonsu kuma suna ta raguwa. In kakar da ta girgiza Afirka za ta dusashe haka, ina ga gasar hutu ta unguwar Hausawa?

A Amurka akwai ƙananan kwalejoji da ba kowa ya san sunansu ba, amma za ka samu sakamakon wasanninsu na shekara 100 baya a rubuce, har da kakar da suka sha kashi. Ba kuɗi ya ba su wannan ba, wani ne ya zauna da alƙalami bayan kowane wasa.

Littafin makaranta mai bango ya isa. Ranar wasa, fili, abokan karawa, waɗanda suka fara, wanda aka canja, wanda ya ci ƙwallo, sunan rafali. A rubuta tun yara ba su watse ba, domin gobe kowa da irin labarinsa. Da boko, da ajami, da Faransanci, duk ɗaya. Ranar da aka lallasa ku 5 da nema ma a rubuta. Daga irin wannan shafin ne koci ke gane cewa 'yan bayansa ne ke yoyo, ba gola ba. Gasar hutu kuma tana faɗowa a Yuli da Agusta, tsakiyar ruwan Duwala, kuma kun san abin da danshi da ambaliya ke yi wa takarda a New Bell. Ku sa littafin a leda, ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ku aika wa mutum biyu.

Shafin da ya fi damuna shi ne na shekarun haihuwa. A ƙarshen 2022 hukumar ƙwallon Kamaru, ƙarƙashin Samuel Eto'o, ɗan New Bell ɗin nan, ta gwada ƙashin 'yan wasanta na ƙasa da shekara 17 don tantance shekarunsu, aka cire 21 cikin 30. Yaran suka kwashi kunyar, alhali ba yaro ke gyara takardar haihuwarsa ba, manya ne. Don Allah, ranar da yaro ya fara zuwa atisaye, ku nemi takardarsa a hannun mahaifinsa, ku kwafe abin da ke ciki yadda yake, uban ya sa hannu. Idan dillalin 'yan wasa ya zo bayan shekara biyar yana cewa a rage masa uku, ku buɗe masa shafin. Yaron da ya yi kaka huɗu a littafinku yana da shaidar da ba a saya a kasuwa, kuma idan wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, da ita za ku nuna cewa a hannunku ya tashi.

Kada littafin ya zama na koci shi kaɗai. In kun yi saɓani da kwamiti kun bar aiki, ku miƙa shi ga wanda ya gaje ku, a gaban dattawan unguwa.

Allah ya ba da sa'a a gasar bana. Wassalam.