Littafin sirrin da ya iya magana, ya iya kai rahoto

Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tun da can, wanda abu ya dama, in bai sami aminin da zai faɗa wa ba, yakan zuba damuwarsa a takarda, da boko ko da ajami, ya jefa a adaka ya datse da kwaɗo. Takardar nan ba ta ba shi shawara, amma kuma ba ta kai labarinsa gun kowa.

Yau ga wani sabon yayi ya shigo ta wayar salula, wato manhajojin rubuta sirrin zuciya masu aiki da ƙirƙirarriyar basira. Mutum ya rubuta abin da ya wuni da shi, manhaja ta yi masa tambayoyi, ta taƙaita masa makonsa, har ta kwantar masa da hankali. Ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu, da ma'aikacin da shugabansa ya matsa wa a biro, ba za a ga laifinsu ba in sun nemi irin wannan abokin hira.

Amma abin lura a nan shi ne, littafin da ya mayar da magana, to ya karanta abin da aka rubuta masa. A mafi yawan lokuta kuwa ba cikin wayar ake karatun ba. Rubutun yakan bi intanet ya tafi rumbun kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, wani lokaci ma kamfanin ya miƙa shi ga kamfani na biyu, mai ainihin basirar. Ko da an ce rubutun a kulle yake da mabuɗin da mai shi kaɗai ke riƙe da shi, sai an buɗe shafin kafin na'urar waje ta iya karanta shi.

Abin da kan biyo baya in sirri ya taru a rumbun wani, duniya ta gani. A 2020 aka gano cewa an yi kutse a Vastaamo, wata cibiyar kula da masu damuwar zuciya a ƙasar Finlan, aka kwashe bayanan mutane kusan 33,000. Ɓarawon ya riƙa aika wa marasa lafiya wasiƙa ɗaya bayan ɗaya, su biya ko ya tona musu asiri. A 2024 kotu ta ɗaure shi shekara 6 da wata 3, amma magana zarar bunu ce. A Amurka kuma, a 2023, kamfanin BetterHelp ya amince ya biya dalar Amurka miliyon 7.8, bayan hukumar kula da ciniki ta zarge shi da bai wa Facebook da Snapchat bayanan masu neman taimakonsa domin talla. A watan Mayun 2025, wata kotu a New York ta umurci kamfanin OpenAI ya adana hirarrakin masu amfani da ChatGPT, har da waɗanda suka share, umurnin kuma ya yi watanni yana aiki. Shugaban kamfanin da kansa, Sam Altman, ya faɗi a wannan shekarar cewa hira da ChatGPT ba ta da kariyar doka irin ta maganar likita ko lauya.

Saboda haka, kafin mutum ya zaɓi manhaja, wajibi ne ya sami amsar tambayoyi huɗu. Ta farko, a ina ake karanta rubutun, cikin wayar ko a rumbun kamfani? Manhajar Journal da Apple ya fitar a Disamban 2023, alal misali, cikin wayar take haɗa shawarwarinta, sai dai waya ce da ba kowa ke iya saye ba. Ta biyu, ana koyar da na'ura da rubutun, kuma akwai hanyar hanawa? Ta uku, in an share, ya sharu har a rumbu, kuma bayan kwana nawa? Ta huɗu, da me kamfanin ke cin abinci? Wanda ba ya karɓar kuɗi, a tambaye shi me yake sayarwa. Kamfanin da ya kasa amsa waɗannan a fili, ya riga ya ba da amsa.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda ta kafa babbar hukuma ta musamman, aka kuma sabunta dokar a 2022. Amma mutumin Maraɗi ko Tawa da sirrinsa ya zube a wani rumbu na Amurka, da wuya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ya kamata hukumar ta wayar da kan jama'a ta rediyo da harsunan ƙasa, ma'aikatu kuma su fito fili su haramta zuba zancen aiki cikin irin waɗannan manhajoji, domin sirrin biro amanar ƙasa ce, ba mallakar ma'aikaci ba.

Sauran aikin yana wuyan mai waya. Sunan wanda ake bi bashi, da adadin jari, da zancen kwangila, da sirrin iyali, duk ba su da gurbi a manhajar da ke aika rubutu waje. Wanda ke son shawararta ya cire sunaye da adadi tukun. Abin da mutum ba zai so a karanta masa a gaban alƙali ko tsakiyar kasuwa ba, takarda da kwaɗo har yau sun fi masa amana.