Tsohon Karen Gida Idan Ido Ya Gaza

A Paga, garin da ke bakin iyakar Ghana da Burkina Faso, kada ma yana da alfarma. Kasenawa, mutanen wurin, sun ɗauki kadojin tafkin garin tamkar dangi, ba mai kashe su. To ina karen da ya shekara goma yana gadin garke, ranar da yana ta rufe masa ido? Wani a kore shi da duwatsu, wani a ɗaure a kai shi kasuwar karnuka ta Bolgatanga. Wannan butulci ne.

Mutanen wannan yanki sun san makanta sosai, su ya kamata su fi tausayin makahon kare. Kafin shirin yaƙi da makantar bakin kogi na 1974, akwai ƙauyukan da yara ke jan manyan da suka makance da sanda. Maganin da ya taimaka daga baya, ivermectin, don dabbobi aka fara yin sa.

Makantar kare kan zo a hankali. Sai a ga yana karo da turmi, yana tsayawa a bakin zaure da magariba yana shinshina ƙasa kafin ya taka. Tsufa na kawo ta, haka ciwon suga da cutar da kaska ke sawa. Wata kuwa farat ɗaya ce: gamsheƙa ta fesa masa dafi a ido. Nan ba jira, a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta, a garzaya wajen likitan dabbobi.

Kulawa da makahon kare ba ta cin kuɗi sosai. Hanci da kunne za su riƙe shi, muddin ba a sauya masa fasalin tsakar gida ba. Kaskon ruwansa ya zauna inda ya saba, a rufe rijiya, a nisanta shi da murhu. A kuma koya wa yara su kira sunansa kafin su taɓa shi, domin makahon kare idan ya firgita yakan kai cizo, nan take unguwa ta ce ya haukace, a hau shi da sanduna. Shi ya sa allurar rigakafin haukan kare da takardarta suke da muhimmanci ko da ya tsufa.

Malaman zango daga Salaga zuwa Yendi da Bawku sun sha karantar da hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Don Allah, mai makahon kare ya bar shi ya ƙarasa kwanakinsa a gidan da ya tsare.